Sara Daban, Gyara Daban

A ƙasar nan mun iya dashen bishiya, mun kuma iya sare ta. Abin da ke tsakanin biyun, wato shekaru talatin ko arba'in da za ta yi tsaye a ƙofar gida ko bakin titi, shi ne ba mu ɗauka aikin kowa ba ne. Kowace damina za ka ga manya sun tsuguna gaban 'yan jarida suna dashe. Jihar Legas har rana ta ware domin haka, 14 ga Yuli. Amma tambayi wanda zai rage wa tsiron rassa bayan shekara biyar, sai ka ji shiru. Ra'ayina a wannan ɗan rubutu shi ne, kula da bishiya sana'a ce mai zaman kanta, kuma muddin ba mu koyi biyan mai ita kuɗin iliminsa ba, to za mu ci gaba da biyan sa kuɗin ɓarna.

Ba da ka nake magana ba. Shekara uku ke nan ina bin kawuna wannan aiki a Ibadan duk ranar Asabar da lokacin hutu. Mu huɗu ne: mai hawa, mai riƙon igiya a ƙasa, mai daddatsawa, sai ni mai kwashe rassa da rubuta lissafi. Jarinmu injin zarto biyu ne, da igiyoyi, da tsani, da adduna, da hulunan kwano. Motar kwasa kuwa haya muke yi. Da sassafe muke fita, kuma kafin a tada inji sai kawu ya zagaya bishiyar yana duba ta. Akwai kogo? Gara ta hau? Lemar kwaɗi ta fito a gindi, alamar saiwa ta fara ruɓewa? Ina wayar wuta, ina rufin maƙwabci? Daga nan mai hawa ya ɗaure kansa ya hau, yana fama da rina da jajayen tururuwa, kowane babban reshe kuma a ɗaure shi a sauke a hankali. Mangwaro guda a tsakar gida mai matsi yakan cinye mana yini cur.

Kasuwar tana da lokacinta. Da rani, sa'ad da ya kamata a yi gyara a natse, ba mai neman mu. Amma da iskar farkon damina ta taso a watan Maris ko Afrilu, wayar kawu ba ta hutawa, domin reshe ya riga ya faɗa wa mota ko katanga.

To, ga inda gizo ke saƙar. Idan mai gida ya ce a sare bishiya, riba biyu muke samu: ladan aiki, da itacen da za mu sayar wa gidajen burodi da masu itacen girki, ko masu katako in gungumen mai kyau ne. Idan muka ce lafiyarta ƙalau, reshe biyu kawai za a cire, ladan ya ragu, gungume kuma babu. Idan muka ce a ƙyale ta, sai a ce mana an gode, mu koma da asarar kuɗin mota, ga tsadar fetur tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023. Ke nan tsarin biyan yana hukunta mai gaskiya, yana saka wa mai gaggawar sara. Ba kowane mai iyali ne zai jure wannan jarrabawa ba.

Abin da aka fi nema a wurinmu bayan sara shi ne gundule kan bishiya, a bar ta tsaye kamar turke, wai don ta yi gajarta a huta. Wannan ba gyara ba ne. Ganye shi ne ke haɗa wa bishiya abinci, shi ya sa masana ke cewa kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a lokaci guda. Idan aka aske ta ƙwal, sai ta fitar da toho barkatai don ta tsira. Tohon nan a bakin ɓawo yake maƙale, ba shi da tushe a cikin itacen, ga kuma ruɓa tana shiga ta wurin yankan. Bayan 'yan shekaru rassan sun yi nauyi a kan ruɓaɓɓen wuri, haɗarin ya fi na da. An gudu ba a tsira ba.

Wani masani ɗan Amurka, Alex Shigo, wanda ya yi shekaru yana tsaga bishiyoyi yana nazarin cikinsu, ya nuna a shekarun 1970 cewa bishiya ba ta warkar da rauni yadda jikinmu ke yi. Killace wurin take yi don kada ruɓa ta bazu. Ɗan kumburin nan da ke inda reshe ya haɗu da jikin bishiya shi ne ke taimaka mata ta rufe raunin, don haka a gabansa ake yanka, ba a shafe shi. Fenti ko baƙin mai da ake shafa wa wurin yanka kuwa ba ya hana ruɓa. Irin wannan sani shi ya bambanta mai gyara da wanda ya mallaki inji kawai.

Na san wani zai ce, gidana ne, saiwa tana fasa mini daɓe, kuma a wannan matsin rayuwa wa zai biya kuɗi don a kalli bishiya? Gaskiya ne akwai bishiyar da dole ta faɗi, mu ma muna kayarwa. Amma wa zai faɗa maka wacce ce, in ba wanda ba shi da kwaɗayin gungumenta ba? Muna biyan kuɗin kati a asibiti ko da likita ya ce lafiyarmu lau. Kuɗin duba bishiya bai kai na sabon rufin ɗaki ba, inuwar shekara talatin kuma ba a sayo ta a kasuwa.

Mai shakkar amfanin gyara ya dubi manoman Maraɗi a Nijar. Tun 1983, da ƙarfafawar wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, suka fara barin tohon kututture a gonaki, suna zaɓar masu ƙarfi su rage sauran. Wannan dabara da suke kira sassaben zamani an ƙiyasta ta farfaɗo da bishiyoyi kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, ba tare da dashe ba.

Shawarata uku ce. Na farko, masu gida da hukumomin makarantu su amince da kuɗin duba, daban da kuɗin aiki, su kuma kira mai gyara da rani tun bishiya tana ƙarama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya, duka a nan Ibadan, su ne suka fi cancanta su riƙa horar da masu hawa suna ba su takardar shaida, domin jama'a su san wanda za su kira. Na uku, sauran jihohi su yi koyi da Legas, wadda dokarta ta 2011 ta kafa hukumar LASPARK ta kuma wajabta neman izini kafin sare bishiya.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne masu gidaje da shugabannin makarantu. Ranar da wani ya zagaya bishiyarka ya ce maka ba ta buƙatar komai, ka sallame shi da hakkinsa, domin aikin da ya fi wuya ya yi maka.