Jirgin Mai Hoto Da Tsakar Gidanmu

Yau maganata a kan ɗan jirgin nan ne maras matuƙi da masu ɗaukar hoto ke tayarwa a wajen biki.

Kwanan baya na je wunin biki a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga ya sa ake noma rani da damina. Muna tsakar gida, wasu na kwashe shinkafar da suka turara suka shanya, wasu na kitso kai ba ɗankwali, sai muka ji ƙugi kamar na zuma bisa kanmu. Kafin mu rarumi mayafi ya gama abin da ya kawo shi. Da aka yi wa yaron magana, sai ya ce wai jirgin da kansa ya san inda aka hana shi shiga.

To, da gaskiyarsa, amma rabi. Kamfanin DJI na ƙasar Sin, wanda ya fi kowa ƙera su, ya sa musu taswira a ciki tun 2013. Tauraron ɗan'adam ke gaya wa jirgin inda yake, a da in kusa da filin jirgin sama ne sai ya ƙi tashi. Dalili kuwa a fili yake: a Disamba 2018 rahoton ganin irinsu ya sa aka rufe filin jirgin Gatwick na Ingila, tafiyar fasinja wajen 140,000 ta lalace. Amma ko wannan takunkumin ma kamfanin ya cire shi a Amurka a Janairu 2025, ya koma gargaɗi kurum.

Ki lura 'yar'uwa, taswirar nan filin jirgi ta sani, da gidan yari da makamantansu. Gidanki ba ya ciki. Katangar da maigida ya sayar da buhunan shinkafa ya gina, ba ta tare abin da ya zo ta sama, hoton kuwa in ya shiga waya ba ya dawowa.

A 2016 hukumar kula da jiragen sama ta Nijeriya ta ce kada a tayar da shi sai da izininta da na ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. Yaron nan ko ya taɓa jin labarin?

Ba cewa nake a hana shi sana'arsa ba, ni ma hoton ayarin kai amarya yana ba ni sha'awa. Amma in bikin 'yarki ya taso, ki sa Malam ya yi magana da mai hoto tun kafin a ba shi kuɗi: ya nuna takardarsa, ya tsaya ƙofar gida, kada jirginsa ya tsallaka zaure, naku ko na maƙwabta.