Da Rarrafe Yaro Kan Tashi: Ra'ayina Game Da Tsallen Doki

Maganata ta shafi wasan jimnastik, wato wasan tsalle-tsalle da alkafura, musamman sashensa da ake kira tsallen doki. Na lura duk ranar da aka nuna wasannin Olamfik a talabijin, washegari sai ka ga yara sun cika fili, kowa yana so ya gwada abin da ya gani. Wasu har sukan matsa wa malamin wasanni lamba ya koya musu salo mai wuya kafin gasar gidaje. Shi ya sa nake tambaya: yaushe ne ya kamata mai horarwa ya ɗaga ɗan wasa daga salo mai sauƙi zuwa mai wuya? A ganina jikin ɗan wasan ne zai ba da amsa. Ranar gasa ba ta da ta cewa.

Bari in ɗan yi bayani don waɗanda ba su san wasan ba. Ɗan wasa yakan sheƙo da gudu a kan hanyar da ba ta wuce mita 25 ba, ya taka katakon tsalle, ya dafa dokin da hannu biyu, ya tashi sama ya yi alkafura, sa'an nan ya dira a kan katifa. Tsayin dokin santimita 125 ne ga mata, 135 ga maza. Tun shekarar 2001 aka sauya tsohon doki da wani mai faɗi kamar tebur, domin hannu ya sami wurin dafawa sosai.

Idan ɗan wasa ya tashi sama, iri uku ne na riƙe jiki. Na farko a dunƙule, gwiwoyi a ƙirji. Na biyu a ninke, an lanƙwasa ƙugu amma ƙafafu a miƙe. Na uku a miƙe sambal daga kai har ƙafa. Haka wuyarsu take bi da bi, kuma 'yan ajin kimiyya sun san dalili. Jikin da aka tattara wuri guda ya fi saurin juyawa. Ka zauna a kujera mai juyawa, ka buɗe hannuwa, sa'an nan ka matse su a ƙirji, za ka ji bambancin da kanka. Nauyin juya jikin da ke miƙe ya ninka na dunƙulalle sau uku ko fiye. Saboda haka wanda ya miƙe jiki da ƙarfin da bai wuce na dunƙule ba, juyinsa ba zai cika ba. Maimakon ya dira da ƙafa, sai ya dira da gwiwa, ko fuska, ko wuya.

To ina ƙarin ƙarfin zai fito? Ba a samunsa a sama. Da zarar hannu ya bar doki, magana ta ƙare, abin da mutum ya tashi da shi da shi zai sauko. Ƙarfin yana fitowa ne daga saurin gudu, da yadda aka taka katako, da yadda kafaɗu suka tunkuɗe dokin a cikin ɗan lokacin da bai kai rabin daƙiƙa ba. Don haka mai horarwa na ƙwarai ba ya fara cewa yaro "miƙe ƙafarka". Yakan koma baya ne ya gyara gudu da tunkuɗa. Yakan jera katifu a bayan doki har su kai tsayinsa, ya sa yaron ya yi ta tashi yana sauka a kansu ba tare da cika alkafura ba, har tsayin tashinsa ya ƙaru. Sabon salon kuwa a wani wuri dabam ake fara koyonsa, a kan ragar tsalle, ko cikin ramin soso, ko da ɗamarar igiya wadda mai horarwa ke riƙe da ita. Ana kuma ƙarfafa naman ciki da na baya, a sassauta jijiyoyin bayan cinya, gama wanda ba ya iya taɓa yatsun ƙafarsa gwiwa a miƙe ba zai iya ninkewa a sama ba.

Akwai alamar da mai horarwa ke jira. Idan yaro ya yi salon dunƙule har ya zama dole ya buɗe jikinsa da wuri don kada ya zarce, yana ganin katifa tun kafin ya taɓa ta, kuma yana yin haka kullum ba sa'a ɗaya ba, to yana da rarar tsayi da rarar juyi. Wannan rarar ce zai kashe a sabon salo. Wanda kuwa da kyar yake kai ƙafa ƙasa, bai da abin kashewa tukuna.

Na san wasu za su ce alƙalai sun fi ba da maki ga salo mai wuya, kuma wanda ba ya kasada ba ya cin gasa. Gaskiya ne tun 2006 ake lissafa makin wuya dabam da makin kyawun aiki. Amma mu yi lissafin har ƙarshe. Bambancin da ke tsakanin dunƙule da miƙe a tsalle iri ɗaya bai kai maki ɗaya ba, alhali faɗuwa sau ɗaya maki ɗaya cur take ci. Ban da haka, in ɗan wasa ya ce miƙe zai yi amma ƙugunsa ya lanƙwashe da yawa, alƙalai sukan ɗauke shi a matsayin ninke. Ka ga ba wan ba ƙanen.

Asarar maki ma ita ce ƙarama. A watan Mayu na 1988, wata 'yar Amurka mai suna Julissa Gomez, tana da shekara 15, tana gwajin tsallen Yurchenko a wata gasa a Japan. Wannan tsalle ne da ake taka katako da baya, an sa masa sunan Natalia Yurchenko ta Tarayyar Sobiyet. Ƙafar yarinyar ta zame daga katakon, kanta ya bugi doki, jikinta ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Ba ta warke ba har ta rasu a 1991. Waɗanda suka san ta sun faɗa daga baya cewa an daɗe ana ganin tsallen bai zauna mata ba. A yau doka ce a kewaye katako da katifar kariya ga mai yin irin wannan tsalle, amma dokar ba ta dawo da ita ba.

Mu dubi kuma Simone Biles, wadda ba a taɓa samun ɗan jimnastik da ya kai ta yawan lambobin gasar duniya ba. A Olamfik na Tokyo a 2021 ta yi niyyar murɗawa sau biyu da rabi a tsallen doki, sai ta rikice a sama ta yi ɗaya da rabi. Nan take ta janye, ko da yake duniya duka na kallo, wasu kuma suka yi ta zaginta. A 2023 a birnin Antwerp na Beljiyam ta yi tsallen Yurchenko da alkafura biyu a ninke, aka sa wa salon sunanta. A ranar ta yarda a cire mata rabin maki domin mai horar da ita, Laurent Landi, ya tsaya kusa da katifa ko da wani abu zai faru. A 2024 ta ci zinariyar tsallen doki a Faris. In gwanar gwanaye ta sayar da rabin maki don ta tsare wuyanta, wane ne ɗan aji biyu da zai ji kunyar cewa bai shirya ba?

Mu a nan ba mu da ramin soso, akwatin tsalle da 'yan katifu ne kawai. Ke nan haƙurinmu ya kamata ya fi na masu kayan aiki. Ina roƙon malaman wasanni kada su bar ranar gasa ta yanke musu hukunci. Ina roƙon shugabannin gidaje su daina zuga ƙannensu saboda kofi. Ku kuma 'yan'uwana masu sha'awar wasan, kada ku gwada sabon salo in malami ba ya wurin, kuma duk ranar da kuka ji jikinku bai yarda ba, ku faɗa. Malamin kirki ba zai kira ku matsorata ba.

Kofin gasar gidaje kowace shekara yana dawowa, wanda bai ci bana ba yana iya ci baɗi. Ƙashin wuya kuwa guda ɗaya Allah ya ba kowa, kuma amana ce a hannunmu. Allah ya ba mu haƙurin bin mataki ɗaya bayan ɗaya, amin.