Montserrat: Tsibirin da aman wuta ya binne babban birninsa, ya bar jama'a da neman takardun haihuwa

A watan Yulin 1995 dutsen Soufriere Hills da ke tsibirin Montserrat, a yankin Karebiyan, ya fara aman wuta. Zuwa 1997 toka da laka sun binne Plymouth, babban birnin tsibirin, inda kotu da ofisoshin gwamnati da manyan coci-coci suke.

Kusan kashi biyu cikin uku na jama'ar sun yi hijira, akasari zuwa Birtaniya, wadda har yanzu tsibirin ke ƙarƙashinta. A yau mazaunansa ba su kai 5,000 ba, gwamnati kuma tana aiki ne daga garin Brades a arewaci.

To, wanda aka haifa a Plymouth, yake zaune a Landan, ina zai samu takardar haihuwarsa ko ta auren iyayensa? Hanyar farko ita ce ya tuntuɓi ofishin rajista na gwamnatin tsibirin. Idan ba a dace ba, sai ya koma ga litattafan baftisma da ɗaurin aure da jana'iza na cocin Angilika da Katolika da Methodist.

Mai son tono asalin kakanni ya fi shan wuya. Kafin Birtaniya ta soke bauta a 1834, galibi da suna guda ake rubuta bawa, a ƙarƙashin sunan ubangidansa. Rajistar bayin da aka fara a 1817 tana ajiye ne a ma'adanar tarihi ta Birtaniya da ke Kew, a Landan. Ga kuma wani ruɗanin: iyalai da dama na ɗauke da sunayen 'yan Ireland, irin su Ryan da Farrell, domin su ne Turawan da suka fara zama a tsibirin tun 1632. Suna ɗaya ba ya nufin jini ɗaya.

Kada a ɗauka batun na masu sha'awar tarihi ne kawai. Gado da filaye da fansho da fasfo duk da takarda ake kare su. Badaƙalar Windrush ta 2018 ta nuna haka, lokacin da aka gano hukumomin Birtaniya sun tsare, har ma sun kori, 'yan asalin Karebiyan da suka shafe shekaru da dama a ƙasar bisa ƙa'ida, saboda sun kasa gabatar da shaida. Ita kanta ma'aikatar cikin gida ta lalata katunan shigowarsu a 2010.

Babban ɗakin karatu na Birtaniya ya tallafa wa wani aikin ɗaukar hotunan tsofaffin takardun Montserrat don adana su a kwamfuta. A ganina wannan ne ya kamata sauran ƙananan tsibiran su gaggauta yi, domin guguwar Beryl da ta ragargaza Carriacou a Yulin 2024 ba ta ba kowa lokacin kwashe litattafai ba.