Tafiya a Tsakiyar Gudu Ba Abin Kunya Ba Ce

Ya kai ɗalibi, idan ka taɓa shiga tseren dogon zango a makaranta, ka san yadda abin yake ƙarewa. Da an busa usur, kowa ya zuba da gudu kamar ana korarsa. Kafin a ci rabin hanya, da yawa sun riƙe ciki suna haki, wasu kuma sun zauna a gefen fili. Washegari ƙafafu su yi tsami, yaro ya rantse shi da gudu har abada. A ganina akwai hanyar da ta fi wannan: ka yi gudu kaɗan, ka yi tafiya kaɗan, ka sake gudu, bisa tsarin da ka shirya tun kafin ka fito daga gida.

Wannan magana ta shafe ka musamman idan a Jos kake zaune. Birnin yana bisa tsauni, kimanin mita 1,200 sama da teku, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba. A wuri mai tudu irin wannan, kowane numfashi yana ɗauke da iskar oksijin ƙasa da wadda ake shaƙa a kwari, don haka sabon ɗan gudu yakan yi saurin haki. Ga kuma hanyoyin garin cike da hawa da gangara. Amma wannan tsaunin ne ya horar da gwanaye. A tseren famfalaƙi na Legas na shekarar 2020, mai tsawon kilomita 42, Emmanuel Gyang da matarsa Deborah Pam, 'yan jihar Filato, su ne 'yan Nijeriya na farko da suka kai ƙarshe a ɓangaren maza da na mata. Ƙasar da ta haifi irin waɗannan bai kamata 'ya'yanta su riƙa barin gudu tun makon farko ba.

Dalilin wannan dabara yana cikin jikinka. Zuciya da huhu sukan saba da aiki cikin makonni kaɗan. Ƙashi da jijiyoyi da gaɓoɓi kuwa sun fi su jinkiri, sukan ɗauki watanni. Duk takun da ka yi cikin gudu, ƙafarka tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinka sau biyu ko fiye. Wanda ya ɗora wa ƙafafunsa wannan kaya gaba ɗaya, ciwon ƙwauri da na gwiwa suna jiransa. Tafiyar minti ɗaya tana rage wannan duka, numfashi ya daidaita, tsoka ta huta kafin gajiya ta ci ƙarfinta.

Manyan masana gudu ne suka yaɗa wannan hanya. Jeff Galloway, Ba'amurke wanda ya wakilci ƙasarsa a tseren mita 10,000 a wasannin Olamfik na 1972, ya fara koyar da sababbin 'yan gudu da ita a 1974, kuma mutane masu yawa sun gama tseren famfalaƙi da ita. Hukumar lafiya ta Ingila ma tana da shiri na makonni 9 don kai mutum ga gudun kilomita 5. A makon farko, minti ɗaya ake gudu, a yi tafiyar minti ɗaya da rabi.

Wataƙila ka ce: ai zakaru ba sa tafiya a tsakiyar tsere. Gaskiya ne, kuma ba na ce ka tsaya tafiya a tseren mita 1,500 ranar gasar makaranta ba. Sai dai ranar tsere daban, ranakun horo daban. Emil Zatopek, wanda ya ci lambar zinariya uku a Olamfik na 1952, ya shahara da maimaita gudun mita 400 sau da yawa, yana sassautawa a tsakani. Shi sassarfa yake yi don hutu, kai kuwa tafiya za ka yi, gwargwadon ƙarfin kowa.

Babban abin da ke hana matasa bin wannan hanya shi ne bakin mutane. Kana tafiya a titi cikin kayan wasanni, sai wani ya ce, "Har ka gaji?" Ka sani cewa wanda ya tsaya don ƙarfinsa ya ƙare, gudu ne ya kayar da shi. Wanda ya yi tafiya don lokacinta ya yi, shi ke riƙe da linzami. Bayan wata uku, duba wanda har yanzu yake fitowa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Ga yadda za ka fara. Zaɓi kwana uku a mako, ka bar ranar hutu a tsakaninsu. Idan a unguwar Kwararafa ko wani sashe na tsakiyar gari kake, fita da sassafe kafin motoci da Keke Napep su cika titi, ko ka nemi filin makaranta. Fara da tafiyar minti 5 don jiki ya ɗumama, musamman lokacin hunturu, domin sanyin Jos a Disamba da Janairu ba wasa ba ne. Sannan ka yi gudun minti ɗaya da tafiyar minti ɗaya da rabi, sau takwas. In ba ka da agogo, ƙirga falwayoyi: gudu uku, tafiya biyu. Gudun ya zama mai sauƙi, yadda za ka iya yi wa abokinka magana. Duk mako ka ƙara gudun kaɗan. Idan makon ya yi maka nauyi, maimaita shi. Mai asma ko sikila ko ciwon zuciya ya fara ganin likita, kuma duk wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji ya tsaya nan take.

Ke ma 'yar makaranta, wannan hanya taki ce. Nemi ƙawaye biyu ko uku ku riƙa fita tare. Malaman wasanni kuma, ina roƙonku ku daina yi wa mai tafiya dariya ko horo. Ku raba ɗalibai rukuni-rukuni, ku busa usur don gudu, ku busa don tafiya. Ta haka yaron da ake gani ba shi da ƙarfi zai gama kilomita 5 da ƙafafunsa lafiya, ya kuma dawo fili mako mai zuwa.