Tsibiran Kanari Da Baƙin Da Ke Neman Halwa

A ranar 20 ga Afrilun 2024, dubun dubatar mazauna tsibiran Kanari suka yi dafifi a kan tituna suna ɗaga kwalaye masu ɗauke da take guda, wato "Kanari na da iyaka". Waɗannan tsibirai suna ƙarƙashin mulkin Sifaniya ne, ko da yake mafi kusa a cikinsu kimanin kilomita 100 ne kacal tsakaninsa da gaɓar Maroko. Mutanen cikinsu kimanin miliyan 2.2 ne, amma a shekarar 2023 kaɗai sun karɓi baƙi kimanin miliyan 16. Kukan masu zanga-zangar shi ne kuɗin haya ya gagari ɗan gari, ruwa na neman yankewa, ga albashi bai taka kara ya karya ba.

Galibin baƙin nan masu hutun mako guda ne. Wanda ya fi jan hankalina shi ne rukunin da ke zuwa da niyyar zama, wato marubuta da masu zane da mawaƙa, da kuma ƙannensu na wannan zamani masu aiki ta intanet. Me suke nema a ƙasar da ruwa ya yi wa zobe?

Bahaushe bai rasa amsa ba, domin ya san halwa. Malamin da ke son ya tattara hankalinsa wuri guda yakan shige ɗaki, ya hana kowa ganinsa har sai ya cika kwanakinsa. Tsibiri halwa ce da teku ke yi wa gadi. A harshen Sifaniyanci ma, kalmar tsibiri da kalmar keɓe kai daga saiwa guda suka tsiro. Mai fasaha ba shi da jarin da ya wuce lokaci da natsuwa, su ne kuma abubuwan da babban birni ke fara ƙwacewa. A tsibiri hanyoyi kaɗan ne, fuskokin da mutum ke gani kullum su ne dai na jiya, gayyata ba ta da yawa, kuma duk inda ya dosa ba zai jima ba zai tarar da bakin ruwa. Wannan ƙunci, wanda wani zai kira kurkuku, shi ne ke tilasta wa marubuci zama a kan teburinsa. Sai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba don kunya, wato arha. A da, ɗan abin da ba zai riƙe mutum wata guda a Landan ba yana iya kai shi nesa a ƙauyen masunta.

Alal misali, Agatha Christie ta sauka Tenerife a 1927, bayan rasuwar mahaifiyarta da rushewar aurenta, don ta samu sukunin komawa ga rubutu. José Saramago kuwa fushi ne ya kai shi. A 1992 gwamnatin Fotugal ta hana a shigar da wani littafinsa da ya taɓa tarihin Annabi Isa (AS) gasar adabin Turai, shi kuma ya tattara nasa ya nasa ya koma Lanzarote a 1993. Yana zaune a can ya samu kyautar Nobel a 1998, a can kuma ya rasu a 2010.

To, amma a nan gizo ke saƙar. Mai fasaha ba ya iya riƙe sirrin wuri, domin sana'arsa ita ce bayyanawa. Da zarar ya zana tsibirin ko ya rubuta shi, ya yi masa talla ke nan. Masu kuɗi su biyo sawunsa, dillalan gidaje su biyo sawun masu kuɗi. Labarin César Manrique ya isa misali. Ɗan asalin Lanzarote ne, mai zane, wanda ya baro New York a shekarun 1960 ya dawo gida, ya shawo kan hukuma ta hana dogayen gine-gine da allunan talla a bakin hanya, aka kuma riƙe farin fentin gidaje na gargajiya. Ya yi nasara, sai dai kyawun da ya tsare shi ne ya ƙara kiran jama'a. Kafin ya rasu a haɗarin mota a 1992, shi da kansa ya riƙa shiga zanga-zangar adawa da gina sababbin otal-otal.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne yawa. Saramago mutum ɗaya ne, gida ɗaya ya ishe shi. Amma tun bayan annobar korona, musamman da Sifaniya ta fito da biza ta musamman ga masu aiki daga nesa a 2023, duk mai kwamfuta da albashin Jamus ko Ingila na iya zama "mai neman natsuwa". Shi da mai share ɗakin otal suke neman hayar ɗaki guda, a yankin da albashinsa na cikin mafi ƙanƙanta a Sifaniya, inda kuma a 2023 kimanin kashi ɗaya cikin uku na jama'a ke bakin talauci. Ba sai an faɗi wanda mai gida zai zaɓa ba. Masu iya magana kan ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, amma a nan kabar ce ake tumɓukewa. Su kuma 'yan tsibirin gaba kura ce baya sayaki, tunda kusan kashi 35 cikin 100 na tattalin arzikinsu daga baƙin yake fitowa.

A ganina, ba a yi wa zancen adalci ba idan aka manta da ɗaya rukunin baƙin. A 2024 mutane fiye da 46,000 suka isa Kanari cikin kwale-kwalen masunta daga Senigal da Muritaniya da Gambiya, da yawansu 'yan Mali ne, kuma ƙungiyar Caminando Fronteras ta ƙiyasta cewa fiye da 9,000 sun halaka a wannan hanya a shekarar. Su ma rayuwa mai ma'ana suke nema, kuma ko shakka babu akwai mawaƙa da masu zane a cikinsu. Bizar mai aiki daga nesa tana buƙatar shaidar samun kuɗin da ya kai ninki biyu na mafi ƙarancin albashin Sifaniya. Wanda ya iya nuna wannan takarda a filin jirgin sama yake sauka, wanda bai iya ba kuma, in ya yi sa'a, sai a tsamo shi a tashar La Restinga da ke El Hierro, tsibirin da mazaunansa duka kimanin 12,000 ne.