Alaba Rago da Mile 12: Daɗewa a wuri ba ta hana katafila shigowa

Duk lokacin da aka ce za a yi rusau a wata kasuwa ko unguwar Hausawa a Legas, abin da za ka fara ji a bakin mutanenmu shi ne, "Ai mun fi shekara 40 a nan." Maganar gaskiya ce, amma a ganina ita ce hujja mafi rauni da muke riƙe da ita.

Yawancin wuraren da iyayenmu suka sauka, a lokacin bayan gari ne, jeji ko fadama da ba wanda ke kallo. Yau gari ya cim musu. Kasuwar Alaba Rago na bakin babbar hanyar Legas zuwa Badagry, inda ake shimfiɗa kashi na biyu na layin dogon Blue Line daga Mile 2 zuwa Okokomaiko. Agege kuma ta samu gadar sama ta Pen Cinema a 2021, sannan jirgin Red Line ya ratsa ta a 2024. Inda titi da jirgi suka je, kuɗin fili sai ya tashi, masu ido da kwalli su biyo baya.

Alamun ba yau suka fara ba. A watan Maris na 2016, bayan rikicin da ya ɓarke, gwamnatin Akinwunmi Ambode ta rufe kasuwar Mile 12, ta kuma ce za a mayar da ita Imota ta wajen Ikorodu. A watan Mayun 2022 aka ba 'yan Alaba Rago wa'adin kwana 14 su tashi.

Wasu na cewa ƙabilanci ne kawai. Ban ce babu siyasa a ciki ba, to amma mutanen Maroko da aka tasa a 1990 ai ba Hausawa ba ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma yana da ikon karɓe fili in an ce don amfanin jama'a ne. Mai takardar mallaka da ake kira C of O na da abin nunawa a kotu, yana da bakin neman diyyar gininsa. Wanda ba shi da komai sai rasiɗin kuɗin shara da alƙawarin baka na wani ɗan ƙasa da ya sayar masa, sai dai ya rungumi ƙaddara.

Saboda haka ina kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni, tun daga Agege har Sabon Ibadan, su tambayi kansu yanzu: filin nan da sunan wa yake a ofishin ƙasa? A yi wa ƙungiya rajista, a ɗauki lauya da safiyo, a rubuta sunan kowane mai shago. Kuɗin da ake tarawa kullum a bakin kasuwa a ware wani abu a gyara magudanar ruwa da banɗaki, domin ƙazanta da rashin tsaro su ne dalilan da hukuma ke fara kawowa.

Jama'a, tun kafin a shafa wa bango jan fenti ake neman takarda. Da zarar katafila ta iso da asuba, sai kwashe abin da ya saura.