Kuɗin Kwana ko Kuɗin Hoto? Darasi daga Otal ɗin Pera Palace na Istanbul

A unguwar Beyoglu ta birnin Istanbul, wanda magabata ke kira Santambul, akwai wani otal mai suna Pera Palace da ya haura shekara ɗari da ashirin yana karɓar baƙi. An fara gina shi a 1892, aka yi bikin buɗe shi a 1895. Yau mutane kan shiga zaurensa don su sha shayi su ɗauki hoto kawai, kuma ko shirin talabijin na Netflix an yi da sunansa a 2022. Wanda ya tsaya kallon marmara da fitilun da ke rataye zai ɗauka don ƙawa aka gina shi. Tarihinsa ya nuna akasin haka, kuma a cikin tarihin akwai ma'aunin da matafiyi zai iya auna kowane otal na gayu da shi kafin ya zaro katinsa ya biya.

Jirgin ƙasan Orient Express ya fara aiki daga Faris a 1883, zuwa 1889 kuma ya riƙa kai fasinja har cikin Istanbul ba tare da sauya jirgi ba. Attajirai da jami'an diflomasiyya da 'yan jarida sukan kwashe kwanaki a hanya, su sauka a tashar Sirkeci a gajiye, su tarar birnin ba shi da masaukin da ya yi daidai da abin da suka saba. Wannan giɓin ne Pera Palace ya zo ya cike. Mai zanen gini Alexandre Vallaury ya tsara shi, aka sa masa wutar lantarki a lokacin da sai a fadojin sarakunan Daular Usmaniyya ake ganinta, aka ja masa ruwan zafi a famfo, aka kafa masa na'urar hawa bene mai aiki da lantarki, ta farko a birnin. Abin da ake kallo yau a matsayin kayan tarihi, a zamaninsa maganin gajiya ne: wanka, haske, da hutar da ƙafa daga hawan bene. Adon ya biyo bayan hidima ne.

Haka ma sunan da otal ɗin ya yi, daga baƙinsa ya samo shi. Mustafa Kemal Ataturk ya fara sauka a can a 1917, kuma ɗakinsa mai lamba 101 ya zama gidan tarihi a 1981. Ɗaki mai lamba 411 kuwa yana ɗauke da sunan marubuciya Agatha Christie. Mutanen nan sun riƙa komawa ne saboda wurin ya biya musu buƙata.

Otal na gayu irin na yau tushensa daban ne. A 1984 Ian Schrager da Steve Rubell, waɗanda suka yi suna da gidan rawa na Studio 54, suka buɗe otal ɗin Morgans a New York, Bafaranshiya Andrée Putman ta tsara cikinsa. Tunaninsu shi ne otal ya kasance ƙarami, mai salo na kansa, wanda zaurensa zai zama dandalin haɗuwar 'yan gari. Tunanin ya yi amfani, domin ya ceto matafiya daga ɗakunan manyan kamfanoni masu kama da juna ko'ina a duniya. Amma bayan fitowar Instagram a 2010 da yaɗuwar shafukan kama ɗaki ta intanet, sai ciniki ya koma kan hoto. Mai neman masauki yana Abuja ko Kano, yana zaɓen ɗakin da bai taɓa gani ba ta fuskar wayarsa, mai otal kuma ya san haka. Don haka kuɗin gyara yakan tafi ga abin da kyamara ke iya ɗauka: bango mai launi, kujera mai siffa ta daban, wurin shan iska a kan rufi. Kaurin bango, ingancin katifa, ƙarfin ruwa a famfo da halin ma'aikacin da ke tsaron dare ba sa fitowa a hoto.

A nan ne matafiyi yakan yi wa rogo kallon kitse. Likitan da ya je taro, ko 'yar kasuwar da ta je saro tufafi a Laleli da Osmanbey, ba su da kwanakin ɓarnatarwa. Beyoglu unguwa ce ta gidajen abinci da kiɗa, wasu titunanta ba sa yin shiru sai dare ya raba; wurin shan iskan nan na kan rufi da ya burge mutum a hoto, shi ne zai iya hana shi barci alhali da ƙarfe takwas na safe zai gabatar da takarda. Fitilar da aka rage wa haske don ta yi kyau ba ta karanta rubutu. Banɗakin da aka yi wa bangon gilashi matsala ne ga abokan aiki biyu da suka haɗa ɗaki don rage kashe kuɗi. Ɗakin da gado ya cinye, har ba wurin shimfiɗa darduma, ya gaza wa wanda zai yi salla a ciki. Ga kuma nisa: sabon filin jirgin Istanbul, wanda aka koma kacokan a 2019, yana da tazarar kusan kilomita arba'in daga tsakiyar gari, kuma cunkoson birnin sananne ne. Ga mai harka a Laleli, otal mara suna da ke bakin layin taragon T1 ya fi masa otal mai ƙayatarwa da sai ya tsallaka ruwa kullum.

Tsohon birnin ya san wani nau'in masauki tun kafin zuwan jirgin ƙasa. Shi ne han, masaukin fatake: tsakar gida a tsakiya, rumbunan kaya a ƙasa, ɗakunan kwana a sama, ƙofa guda da ake rufewa da dare. Buyuk Valide Han, wanda Kosem Sultan ta sa aka gina a ƙarni na 17, yana nan tsaye har yanzu. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba, domin aikin fatoma ke nan. Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabon Ibadan, ya bayyana yadda maigida ke saukar da falken shanu ko goro, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an karɓi kaya bashi. Amana ce jarin masaukin. Otal na zamani ba zai tsaya wa kowa a ciniki ba, amma ragowar wannan aiki tana wuyansa: ma'aikacin da ya san direban tasi mai gaskiya, ya san kantin magani da ke buɗe da dare, ya adana jakar baƙo bayan ya bar ɗaki ba tare da ɗaure fuska ba.

Masu kare otal na gayu suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Kyakkyawan wuri yana sanyaya rai, kuma wanda zai gana da abokin ciniki a ƙasar da ba a san shi ba, adireshinsa yana yi masa magana kafin ya buɗe baki. Wanda ya yi shekara yana aiki ya tara kuɗinsa, ba wanda zai hana shi kwana biyu a wurin da ya yi masa. Abin da ake ja a kai shi ne jerin fifiko. Idan barci, ruwa, tsaro da kusanci da wurin harka sun samu, duk adon da aka ɗora a kai riba ne. Idan ba su samu ba, matafiyi ya biya kuɗin kayan talla ne, kuma da canjin naira na yanzu, kuskuren kwana uku yana iya cinye albashin wata.

Hanyar kauce wa hakan ba ta da wuya. A karanta ƙorafin waɗanda suka ba otal matsakaicin maki, domin su ne sukan faɗi gaskiya kan hayaniya da tsafta. A duba faɗin ɗakin da murabba'in mita, a buɗe taswira a ƙirga mintunan tafiya zuwa wurin taro ko kasuwa. A tambaya ko farashin ya haɗa da karin kumallo da haraji, tunda Turkiyya ta fara karɓar harajin masauki na kashi biyu cikin ɗari a 2023. A rubuta wa otal ɗin saƙo da tambaya guda kafin a biya, a ga yadda za su amsa da kuma tsawon lokacin da za su ɗauka. Wanda kuma yake sha'awar ganin Pera Palace amma aljihunsa bai kai ba, yana iya sauka kusa da harkarsa, ya hau Tunel, jirgin ƙarƙashin ƙasa na 1875, daga Karakoy zuwa Beyoglu, ya taka kaɗan, ya sha shayin la'asar a zauren, sannan ya koma ɗakinsa ya yi barci.